Jinin Bakin Buhu

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari. Ba ƙarancin karatu ya hana ni ba, ko da yake a aji huɗu na bar lakol, wato makarantar boko, kuma har yau hannuna yakan gaji kafin in cika shafi. Abin da ya tsaya mini shi ne labarin ba ya tafiya sai an ambaci sunan maigidana, ni kuwa a gidanmu mace ba ta kama sunan mijinta. Shi ya matsa mini. Ya ce duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi labarin ta fuska daban, alhali shi da aka yi abin a kansa barci yake yi, bai ga kome ba. Na ce to sunan fa? Ya ce ai alƙalami ba baki ba ne. Shi ke nan: Rashidu. Na rubuta, kada a sake tambayata.

Ni sunana Fadila. Mu mutanen Cadawa ne. Maigidana manomi ne, yana yin aya da wake. Wansa, Yaya Sabo, dillalin aya ne a kasuwa, ƙaton mutum mai murya, wanda in ya yi atishawa a rumfarsa sai masu goro na can ƙarshen layi su ce masa "yarhamukallahu". Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa yi masa maganar da ta wuce "ina kwana" ba, ita ma a durƙushe, idona a kan takalminsa. Na san takalman Yaya Sabo fiye da yadda na san fuskarsa. Sai surukata Gogo, wadda aka sa wa ɗiyata sunanta, shi ya sa muke kiran yarinyar Ummi. Lokacin tana goye, ko rarrafe ba ta fara ba.

Ciwon ya soma bayan an gama haƙar aya. Mutumin da yake ɗaga buhu shi kaɗai ya koma in ya ɗauko buta sai ya zauna ya huta. In ya yi asuwaki, dasashi ya yi ta jini. Jikinsa ya riƙa fitar da tabo baƙi-baƙi kamar an yi masa duka, har Gogo ta fara yi mini wani irin kallo. Aka sha maganin masassara, aka sha na shawara, aka sha rubutu. Da abin ya ƙi, aka kai shi Maraɗi, aka ƙara masa jini, ya ɗan farfaɗo.

A can muka gamu da lokotoro, wato likita, Hamdiya, wata ƴar siririyar mata mai tabarau da take zuwa daga Yamai lokaci-lokaci don masu ciwon jini. Ta tara mu a buronta, wato ofishinta, ta yi mana bayani da Hausa tsantsa. Ta ce sankarar jini ce, kuma irin mai saurin nan. Ɓargon da yake ƙera jini ne ya rikice, yana ta zubo ɗanyun ƙwayoyi marasa aiki, suna cinye wa na ƙwarai wuri.

"Sunan cutar ɗaya," in ji ta, "amma halinta ba ɗaya ba. A cikin ƙwayoyin nan akwai alamomi, kamar shaidar da ake yi wa dabba. Wata alamar in an gan ta, mun san yawanci cutar tana jin magani, in ta kwanta tana daɗewa ba ta taso ba. Wata kuma mun san mai taurin kai ce, tana saurin dawowa, sai a nemi wata hanya. Nan ba mu da na'urar ganinsu. Za mu ɗebi jininsa mu sa a akwatin ƙanƙara, mota ta kai Yamai, jirgi ya kai ƙasar waje. Abokan aikinmu na can za su duba. Da amsarsu za mu san hanyar da za mu bi da shi."

Yaya Sabo ya gyara zama. "Wato dai samfur suke so."

"Kana iya cewa haka."

"In ya yi musu kyau su ɗauka."

"Ba maganar kyau ba ce, Malam Sabo. Maganar..."

"Na gane, na gane," ya ce, yana ɗaga hannu. Ni da nake kallon ƙafarsa na ga babban yatsansa yana motsi a cikin takalmi. Haka yake yi in ya hango riba.

Aka ce mu koma gida mu dawo ranar da za a haɗa akwatin, don ba kullum yake tafiya ba. In ya wuce ka sai wani watan, ciwon nan kuwa ba ya jiran wata.

Kwanakin da muka yi a gida, Gogo ta tashi haiƙan wajen gyara jini. Zoɓo safe da yamma saboda ja ne, hanta, ruwan karan dafi, har da wani jan lemun kwalba da aka ce mata daga Najeriya yake. Maigidana ya yi ta sha yana amayarwa. Yaya Sabo kuwa ya tsaya yana kallo yana girgiza kai. Ina bayan zana ina wanke-wanke na ji yana ce wa Gogo, "Inna, wannan duk wahala ce. Tun ina yaro nake harka da masu saye daga nesa. Ba wanda ya taɓa zura hannu gindin buhu ya ɗebo musu samfur. Bakin buhu ake nunawa. In ciniki ya faɗa, sauran sai a yi ta haƙuri da juna."

Gogo ta ce, "Kai dai ka san kasuwarka." Ba ta gane inda ya dosa ba. Ni ma ban gane ba.

Shekarar ce sojoji suke shirin miƙa mulki. An yi zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, ana jiran na biyu, ko'ina ka juya motoci ne da lasifika. A zagayen farkon Gogo tana fama da gwiwa, sai aka yi wa Yaya Sabo takardar wakilci ya jefa mata ƙuri'arta. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya yi ta ba mutane labari cewa shi sau biyu ya yi zaɓe kuma jandarma na tsaye bai ce masa uffan ba.

Ranar ɗibar jini muka yi sammako mu huɗu, da Ummi ta biyar. Kafin mu isa Maraɗi zazzaɓi ya rufe maigidana. Muka tarar da layi a ƙofar ɗakin awo kamar na rabon hatsi. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwar dogonyaro, ya kwanta, nan take barci ya ɗauke shi. Gogo ta tafi neman kunu. Yaya Sabo ya karɓi takardar ya ce shi zai kama layi.

Ina zaune ina kore wa maigidana ƙuda na ji an kira sunansa daga taga. Na yunƙura zan tashe shi, sai na ji murya kamar tsawa ta ce, "Na'am!" Na ɗaga kai. Yaya Sabo ne ya shige ɗakin, yana tattare hannun riga.

Na ce a raina wataƙila zai roƙe su ne su fito su ɗiba a nan. Jim kaɗan ya fito yana tafe ya lanƙwashe hannun hagu. Ya zo ya tsuguna kusa da ƙanensa, ya duba gabas ya duba yamma. Ni bai dube ni ba, don a wurinsa ni da tabarmar duk ɗaya muke. Ya ɓalle audugar da aka manna masa a gwiwar hannu, ya manna ta a hannun mai barci, ya danna da babban yatsa kamar mai liƙa hoton ɗan takara a bango. Sannan ya sauke hannun rigarsa ya yi hamdala.

Da maigidana ya farka ya ce, "Yaya, ba su kira mu ba?"

"An gama tuni. Nan suka zo suka ɗiba kana barci. Ga shaida nan a hannunka."

Ya dubi audugar. "Ikon Allah. Ko zafi ban ji ba."

"Ai ƙwararru ne," in ji Yaya Sabo.

Na so in yi magana, amma ba a gaban Yaya ba. Na ce bari Yaya ya gusa in faɗa wa maigidana a kunne. Yaya bai gusa ba. Ya aika aka kawo masa shayi, ya baje a gefen tabarmar, ya kama wani mutumin Gidan Rumji da ya kawo matarsa awo, suka yi ta gardamar wanda zai ci zaɓe har aka yi azahar. Ni kuwa da Gogo ta dawo da kunu, na ture shi gefe ban sha ba. Sai ta tambaye ni ko wani cikin ne da ni.

Bayan la'asar aka ce lokotoro tana kiranmu. Ashe kwalba biyu ake ɗiba, ɗaya a duba nan, ɗaya a sa a akwati. Muka shiga. Maigidana da Gogo suka zauna a benci, Yaya Sabo ya ɗauki kujera, ni na raɓe a ƙasa kusa da ƙofa na sauko da Ummi a cinya.

Lokotoro ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta dubi maigidana, wanda leɓensa ya yi fari kamar ya ci garin rogo, ta dubi abin da ke gabanta.

"Malam Rashidu, yaya jikin?"

"Da sauƙi," ya ce, don haka ake cewa.

"Jinin da aka kawo mini da sunanka, mai shi zai iya kokawa da sa. Babu ɗanyar ƙwaya ko ɗaya. Jan jininsa ya fi nawa."

"Alhamdu lillahi!" in ji Yaya Sabo, ya buga cinya. "Ya ci ke nan? Za su ɗauke shi?"

"Su ɗauke shi su yi me da shi? In wannan jininsa ne, ba shi da cutar. Babu alamar da za a nema, babu abin da zan aika, kuma ba a ba mai lafiya irin maganin nan."

Na ga babban yatsan ya daina motsi a cikin takalmi.

Gogo kuwa sai ta saki guɗa, nan cikin buro, har wani mai share-share ya leƙo. "Zoɓo!" ta ce. "Na faɗa muku! Zoɓo da karan dafi da addu'ar uwa!"

Maigidana ya ce, "Na warke? To ƙafafuna ba su samu labari ba tukuna."

"Za su samu a hanya. Tashi mu tafi gida."

"Dakata, Gogo," in ji lokotoro. "Ban yarda da wannan ba. Ciwon nan ba ya tafiya haka. An ɗebi jininka yau da safe, Malam Rashidu?"

Ya miƙa mata hannu da audugarsa. Ta ɗaga ta duba, amma hannun duk huda ne da tabo tun na ƙarin jini, ba ka bambanta na jiya da na yau.

"To kwalabe aka musanya a ɗakin awo," ta ce. "Sai a sake ɗiba yanzu kafin su tashi. Motar akwatin da sassafe za ta kama hanya."

Gogo ta miƙe ta ɗaure gyale a ƙugu. "A sake ɗibar me? Yaron da na sha wuya na tara masa jini cokali-cokali? Kun ce ba shi da lafiya, mun yarda. Yanzu na'urarku ta ce ya warke, ku ce ba ku yarda ba. Ashe ku labarin alheri ne ba ku so. Ba mai ƙara tsotsar mini ɗa. Sabo, yi magana mana!"

Mutumin da bai taɓa rasa ta cewa ba a gaban Alhazan Kano masu sayen aya, ya zauna yana kallon silin kamar an rubuta masa amsa a can. In ya yi magana ya tona kansa gaban uwarsa da ƙanensa. Ya ce, "To... ai Inna ta fi mu gani."

Maigidana ya gaji da asibiti, ya gaji da allura, kuma wa zai ƙi a ce ya warke? Ya dafa benci ya miƙe yana layi. Lokotoro ta ce ba za ta iya ɗaure shi ba, amma in ya fita ƙofar nan akwatin zai tafi babu jininsa. Gogo ta riga ta kama hannunsa.

Ni ce a bakin ƙofar. Sai sun tsallake ni za su fita.

Ban san yadda ake yi wa wan miji magana ba, balle a ƙaryata shi gaban surukuwa. Amma na taɓa ganin innata, in tana son gaya wa kakanmu abu, sai ta gaya wa akuya yana ji. Ni ba ni da akuya. Na juyo da Ummi ta fuskance ni, na kafa idona a kan goshinta, na ce da wata murya da ban san tawa ce ba:

"Ummi, ki ce wa Bappanki ya naɗe hannun rigarsa na hagu."

Ummi ta kama mini hanci.

Gogo ta ce, "Wa ya yi magana?" Da gaske take tambaya, don ba ta saba jin muryata da tsawo haka ba.

Lokotoro ta sunkuyo ta kan tebur, ta dubi yarinyar da mutunci kamar wata babbar baƙuwa. "Hajiya Ummi, me ya sa Bappa zai naɗe riga?"

"Ummi, ki ce audugar da ke hannun babanki ba a nan aka haife ta ba. Ƙaura ta yi."

Yaya Sabo ya yi gyaran murya. Shi ma bai iya dubana ba, sai ya dubi yarinyar. "Ummi, ki gaya wa uwarki ba a sa baki a maganar manya."

"Ummi, ki ce wa Bappa na bi Allah na bi shi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Ummi, ki ce mata ɗan'uwa rabin jiki ne! Uwa ɗaya uba ɗaya, nono ɗaya muka sha. Jinina da nasa wane bambanci? Ƙuri'ar shugaban ƙasa sukutum an yarda wani ya jefa wa wani, balle ɗan jinin da bai cika cokali ba?"

"Ummi," in ji Gogo a hankali, tana sakin hannun maigidana, "matsa gefe, kada abin da zan yi wa Bappanki ya same ki."

Ta finciki hannun rigar da kanta. Ga ɗigon huda nan ja, sabo fil, da zagayen danƙon da ya bari a fata.

Maigidana ya koma ya zauna. Ya dubi audugar hannunsa, ya dubi wansa, sai dariya ta kama shi, irin wadda rabona da ji tun kafin haƙar aya. Yana yi yana tari yana cewa, "Ƙwararru ne! Wai ƙwararru ne!"

Lokotoro ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu kanta ta ce, "Malam Sabo, in wakenka ya yi ƙwari ka tafi wurin mai maganin feshi, wanne kake kai masa ya gani? Mai kyan?"

"Mai ƙwarin," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"To mutanen can ba masu saye ba ne. Masu duba ƙwaro ne. Gindin buhun suke so, inda ya fi lalacewa."

"Ni gani na yi kada su raina shi su mayar mana," ya ce. Idonsa ya kawo ruwa, ya yi maza ya fyace hanci a kan mura ce. "Ƙanena ne. Ni na goya shi."

"Garin gyaran gira ka tashi tsone masa ido," in ji Gogo. Sannan ta juya wurin lokotoro. "To zoɓon nawa fa?"

"Bai cuce shi ba, Gogo. Amma alamar nan tana can cikin ƙwayar cutar, zoɓo ba ya isa wurin."

Aka kira mai ɗibar jini ya zo har buron. Wannan karon Gogo ta tsaya a kansa, ta sa maigidana ya faɗi sunansa da na ubansa da na kakansa, kuma ta hana Yaya Sabo matsowa ko da taku ɗaya. Jinin ya fito tsararo, ba kauri, ba kyan gani. Ban taɓa murnar ganin mummunan abu kamar ranar ba.

Muna shirin fita lokotoro ta ce, "Af, Malam Sabo, akwai wakilcin da muke karɓa. Ƙanenka zai buƙaci ƙarin jini nan gaba, ma'ajiyarmu kuwa sai an zuba ake ɗiba. Tun da mun ga irin naka, ba mu bari ya wuce."

"Kamar na ɗazu? Ɗan kwalba?"

"Leda."

Da ya ga girman ledar da kaurin allurar sai ya ce yana da alƙawari da wani mai saye a Gazawa. Gogo ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafar nan mai ciwon gwiwa ta tare hanya. Aka ɗiba. Bayan an gama ya tashi da ƙarfinsa don ya nuna ba kome, sai ga shi zaune a ƙasa. Gogo ta ciro gorar zoɓon da ta rage ta ɗura masa.

Amsar ta yi makonni kafin ta dawo, har an rantsar da sabuwar gwamnati. Alamar da aka gani irin mai jin magani ce. Lokotoro ta ce wannan ba alƙawari ba ne, hanya ce mai haske kawai, sauran na Allah. Yanzu haka a Yamai muke, gashin kansa ya zube, yana ci yana tsokanar masu jinya. Yaya Sabo kuwa ya zo sau biyu ba da jini, kuma ya gaya wa duk kasuwar Cadawa cewa likitoci sun ce ba irin jininsa a jihar Maraɗi. Har yau in zai yi mini magana ta bakin Ummi yake bi.

Amma duk wannan daga baya ne. A ranar, gidan wata ƴar'uwar Gogo muka kwana, hankalina kuwa bai kwanta ba, don na tuna kwalbar Yaya Sabo ta biyu ita ma sunan maigidana ne a jikinta. Gari na wayewa na goya Ummi, ban gaya wa kowa ba, na taka har asibitin. Na tarar da mai ɗibar jini yana shirin rufe akwatin, direba yana jira. Na durƙusa na gaishe shi, na ce don Allah ina so in tabbata kwalbar da ke ciki ta yamma ce ba ta safe ba.

Ya ce, "Ta wa?"

Na ce, "Ta baban wannan."

"Baiwar Allah, duk kwalaben nan na baban wani ne. Suna za ki faɗa mini."

Na juya in nemi taimakon Ummi, na tarar ta yi barci. Direba ya danna oda. Na duba hagu, na duba dama, ba wanda na sani sai wata akuya tana cin kwali. Na ja gyale na rufe rabin fuskata, na faɗi sunan, da na ubansa.

Ya ɗaga kwalbar ya nuna mini, tsararon jinin nan ne. Ya ce ta safen lokotoro da kanta ta fitar da ita tun jiya. Na tsaya har aka rufe akwatin, aka sa a mota, motar ta fita ƙofa ta yi yamma. Sannan na biya na sayo ƙosai, na koma kafin Gogo ta idar da lazimi.